Tari a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Shekara hamsin da uku ina huda wannan tafki,
ban taɓa tambayarsa me yake faɗa ba.
Inari ke nan. Kifi nake nema, ba labari ba.

Sai ga Raakel a watan Fabrairu,
doguwar yarinya, safar hannunta ɗaya ja, ɗaya ruwan toka,
ta ce in huda mata rami, za ta biya.
Na ce, ina ƙugiyarki?
Ta nuna mini 'yar makirufo kamar ƙwan tsuntsu
ɗaure da waya mai tsawon gaba ashirin.

Ta zura. Ta zauna a kan fatar barewa.
Awa huɗu ba ta ce uffan ba.
Gashin hancina ya koma allura don sanyi,
na dafa kofi sau biyu,
na yi tari, na ƙara, tarin tsohon mashayin taba.
Ta ɗaga mini yatsa, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Da rana ta yi ɗan leƙenta ta koma,
sai ta ɗora mini abin sauraro a kunne.

Wayyo.
Ashe abin da nake takawa ba shiru yake ba.
Wani abu na nishi kamar saniya mai naƙuda,
wani na ƙas! ƙas! kamar ana karya ƙashi,
sai wani dogon fito ya taso daga yamma,
ya bi ta tsakanin ƙafafuna, ya nufi iyakar Rasha.
Na fizge abin. Na duba ƙanƙara: lafiya lau.
Raakel ta yi dariya har hawayenta suka daskare.

Bayan wata bakwai takarda ta zo da tikitin bas.
Oulu. Tsohon siton kwalta a bakin teku,
ba kujera, fitila ɗaya tal,
samari sanye da baƙi, kowa ya runtse ido.
Ba ganga, ba goge, ba mai rera komai.
Ita kaɗai bayan tebur tana murɗa maɓallai
kamar mai neman tasha a tsohuwar rediyo.

Ta saki tafkina.
Ta ja nishinsa har ya kai tsawon daren hunturu,
ta niƙa kukan sauron Yuli ta barbaɗa a kai,
ta juya kiran agwagwar ruwa, ƙarshe ya zama farko.
Bango na rawa, haƙoran roba na rawa a bakina.
Na ce a raina, injin markaɗe ne ya haukace.
Da Siiri na raye, da ta ja hannuna mun fice.

Can tsakiyar hayaniyar komai ya ɗauke. Tsit.
Wata tsawa ta taso daga ƙasa, a hankali,
sau uku, ta huɗu guntuwa, da kaki a wutsiyarta.
Na san ta.
Shekara talatin Siiri na mita a kanta kowace asuba.
Tarina ne, an rage masa gudu, an ba shi girman dutse.

Wani saurayi kusa da ni yana hawaye.
Da aka tashi ya kama hannuna, bai san ni ba,
ya ce, Baba, ka ji wurin da ƙanƙarar ta yi magana?
Ka ji yadda duniya ke ciwo?
Na buɗe baki.
Can na hango Raakel tana naɗe waya,
ta ɗaga mini yatsan nan, irin na ranar.
Na ce, na ji, ɗana.

Yanzu Disamba, tafki ya sake rufewa.
Likita a Ivalo ya ce in bar taba, na bar rabi.
Kifi ya yi ƙaranci bana.
Idan na huda rami, kafin in zura ƙugiya,
nakan cire hula, in kwanta rub da ciki,
in manna kunnen hagu, mai ɗan sauran ji,
in danne tarin iya ƙarfina,
kada in katse masa magana.