Kalmar da Ta Faɗo Cikin Waya

Ana idar da la'asar saƙon ya shigo,
ina zaune bakin shagon Bayamale a Karantina ta Jidda,
shayi bai ko huce ba.
Larabcin na gane shi: mukalafa, riyal ɗari uku.
Ƙarƙashinsa Turanci,
wata kalma ta miƙe ɗoɗar
kamar kububuwa a kan kwalta.

Da daddare na kira Barira a Gusau.
Ta ce, "Baba, bayoleshin ake cewa."
Na ce, "Fassara, kada ki rage ko gishirinta."
Ina jin ƙarar takardun ƙamus,
ina jin ƙaninta yana tari a bayanta.

Ta ce, "Karya doka."
Na ce, "Wannan na sani.
A hanyar Madina kyamara ta ƙifta mini ido,
burodi na bayan mota yana hucewa,
Abu Mish'al kuwa ba ya son burodi mai sanyi."

Ta ce, "Ai da saura.
Saɓa alkawari ma sunansa ke nan.
Tauye haƙƙi.
Keta haddin mutum.
Kutsawa inda ba a yi maka iso ba."

Nan na ajiye kofin.
Ashe babbar riga ce,
ni ne kawai aka kama da ita a wuya.
Wata biyar ke nan
guminmu yana kwana a aljihun Abu Mish'al,
ni da Tanimu da wani ɗan Habasha mai gyaran tanda.
Fasfona yana cikin durowarsa, ya ja mukulli.
Ba kyamarar da ta ƙifta masa.
Wayarsa ba ta ce uffan ba.

Na so in tsaya nan, in yi ta cika ina batsewa,
sai yarinyar ta ce,
"Malaminmu ya ce kalmar ba ta tafiya ita kaɗai.
Akwai wanda ya yi,
akwai abin da aka yi wa."
Ta yi shiru.
Ba ta ce komai a kan uwarta ba.

Shekara biyu na ce wa Kulu, a tashar mota,
hannuna a kan jakar Gana.
Bana ta bakwai.
Wannan tarar, wa zai faɗa mini riyal nawa ce,
a wane banki ake biya?

Washegari na ranci ɗari uku wajen Tanimu.
Na biya.
Da asuba fitila ta yi ja a gabana,
titin fayau, ko kyanwa babu.
Na taka birki, na jira,
ina juya kalmar a baki kamar ƙwallon dabino,
na rasa inda zan tofar.