Ta Madubin Mota

Shekara shida na tuƙa ta,
ni a gaba, ita a baya,
rabin sanin da na yi mata a madubi na yi shi:
goshi, tabarau, da idanun da ba su taɓa ƙoshi da barci ba.

Ishbel Cargill. 'Yar mai bandar kifi ce a Arbroath,
inda hayaƙi ke shiga gashin yaro tun yana rarrafe,
sabulun Edinburgh bai iya fitar da shi duka ba.
Ta ce a makaranta ana toshe hanci in ta zauna.
Tana faɗa tana dariya. Ni ban yi ba.

Malamar lissafi ta fara zama,
sai kansila, saboda wani rami a titin bakin teku
da ya karya ƙafar maƙwabciyarta.
Daga ramin zuwa majalisa shekara goma sha ɗaya,
ƙofa ƙofa, cikin ruwan saman da bai san gajiya ba.

Ranar da aka ba ta ministar kamun kifi da tsibirai
ta shigo da jakar takardu
da burodin da ta yanka da kanta.
"Fergus," ta ce, "kar ka buɗe mini ƙofa, ina da hannu."

Mun sha hanya.
A jirgin ruwan asuba zuwa Lewis
tana amai a leda tana gyara jawabi.
Tumaki suka tare mu a Skye,
ta ce su ma ƙorafi suka kawo, a saurare su.
Wata tsohuwa a Barra ta riƙe ta awa biyu
a kan jirgin da ba ya zuwa ranar Talata.
Kafin shekara ta zagayo, jirgin Talata ya zo.
Ba jaridar da ta buga.

Abin da suka buga shi ne takardar nan.
Masana sun ce teku ta kusa zama kango,
in ba a rage kamu ba, jikoki sai dai su ga kifi a hoto.
Kwana uku tana juya alƙalami.
A kan gwiwarta ta sa hannu, muna tsaye a danja,
ta ce, "Mu je," alhali wutar tana ja.

A garinsu aka jefe mu da kawunan kifi.
Wanda ya fara jifa tsohon ɗalibinta ne.
Ta ce, "Lissafi ya gagare shi, amma dubi saiti."
Ƙanenta ya sayar da jirginsa, ya daina ɗaga waya.
Daren nan na karkatar da madubi,
akwai abin da bai kamata direba ya gani ba.

Kujera aro ce.
Muna tsakiyar gadar Forth mai ita ya kira,
minti biyu bai cika ba.
"Na gode, na fahimta," ta ce,
ta cire takalmi, ta yi barci har gida.
Zaɓe ya zo ya ƙarasa sauran:
ƙuri'a ɗari uku da goma sha biyu.

Bara da sanyi na gan ta a tashar bas,
buhun dankali a ƙafarta, lema ta karye.
Na tsaya. Ta buɗe ƙofar gaba.
Na rasa yadda ake kallonta ba madubi.
Ƙamshin hayaƙin yana nan.

Na ce, "Kin yi nadama?"
Ta daɗe tana kallon teku.
"An ce kifi ya fara dawowa," ta ce,
"ƙanena dai tukuna."
Sai ta taɓa hannuna:
"Yi hagu, Fergus. Ramin nan ya sake buɗewa."