Kawu Nomau da Ƴan Fashi

Shekara talatin Kawu Nomau yana duwan,
yana farautar ƴan fasa-ƙwauri a hanyar Konni.
Yau ga shi kan tabarma a Tawa, bayan lisha,
tele bisa kifaffen turmi, shayi ya huce.

Kaboyi huɗu sun tare jirgin ƙasa.
Dawakinsu ramammu,
duwatsunsu sai ka ce na Adar.

"Ku bi ta kwazazzabo!" in ji Kawu,
har da miƙewa, hula ta faɗi.
"Shashashai, akwai tarko a gada!"

Na ce, Kawu, ai ɓarayi ne.
Bai ko juyo ba.

Da aka harbe ƙaraminsu a bakin rijiya
ya ɗauki hularsa, ya kakkaɓe ta a hankali.
Ya ce, "Yaron nan ko ruwan bai sha ba."