Gwangwanin da Ke Ɓata Murya

Ran Alhamis nakan shiga Kasuwar Dole,
in wuce masu kilishi, in wuce dukawa,
sai ƙarshen layi, rumfar Manzo,
inda rediyoyi ke kwance hanji a waje
kamar ragunan layya.
Manzo na neman wadda za ta tashi.
Ni ina neman wadda ta mutu tun ina goye.

Dala ashirin, ya ciro mani tiranzisto biyu,
ƴan ƙanana, ƙafa uku-uku,
kamar kaska ta sha ta ƙoshi.
Ya ce, Malam Nomau, kai dai ban gane maka ba,
duk duniya kawo mani take in cire ƙara,
kai kaɗai ke biya a saka.

Da rana alli ne a hannuna, ina raba lissafi ga yara.
Da dare sai tabarma, sai fitila a goshi,
gwangwanin kifi da Barira ta wanke mani da toka,
na huda shi da ƙusa wuri huɗu.
Kuran ya ɗauke. Ba sabon abu ba.
Na tura ƙarfen dalma cikin gawayin shayi,
ni da buta muna jiran wuta ɗaya.

Dalma ta narke, ta yi hawaye, ta daskare.
Ɗigo ɗaya ya sauka a babban yatsana,
na haɗiye abin da na so faɗa
don yaro na barci bayan labule.

Na farko bai ce uffan ba.
Na biyu ya kamo mani wata tasha,
wani mutum yana karanta farashin gero.
Na uku, ranar da na juya ƙafar da na sa a baibai,
na taka maɓalli, na taɓa tsirkiya ɗaya,
sai jita ta yi gurnani,
kamar an ja ƙofar kwano kan tsakuwa,
kamar zuma ta tashi cikin tulu.
Akuyar maƙwabta ta daina tuƙa.

Abin yana da hali irin na mutanen garin nan.
Da asuba, duwatsun Birni na da sanyi,
muryarsa kauri, ga daɗi, ga tsawo.
Azahar ta bazara kuwa, in dutse ya ɗau zafi,
sai ya shaƙe, ya yi ta tari,
ba lallashi, sai rana ta faɗi.
Na taɓa ɗora shi kan randa ya huce.

Agali ya zo daga Tanut zai yi wasan biki,
ya ara, ya taka, ya rufe ido.
Ya ce, ai wannan ceba ce,
ƙarfen da kakanni ke ɗaura wa garaya
don kada sauti ya fita tsirara.
Ya ce nawa. Na ce ba na sayarwa ba ne.
Ya tafi da shi, har yau.

Wanda ke gabana yanzu daban ne.
Daga rediyon Baba na ciro zuciyarsa,
wadda ya shekara talatin yana murɗawa
yana gudun shuu, yana neman magana tsab.
Na daɗe kafin in kwance mata kusoshi.

Jiya na haɗa. Na taka.
Barira ta tsaya da tsintsiya a hannu.
Ba waƙa na kaɗa ba, tsirkiyar sama ce kawai,
amma abin da ya fito daga gwangwanin kifi
gyaran murya ne,
irin na tsoho a bakin zaure
kafin ya kira sunanka.

Ban sake taɓawa ba.
Na bar shi yana ja, yana ja,
har gawayi ya zama toka,
shayin ma mun manta da shi.