Tsagar Gidan Pelkonen

Ƙarfe takwas na isa unguwar kan tudu a Duluth,
iskar tabki na bina kamar mai bin bashi.
Na sauke tsani, na gwada tocila.
Shekara ashirin da shida ke nan ina shiga gidajen mutane
ba don a ba ni shayi ba.

Masu saye sun riga ni zuwa,
Linnea da mijinta Tobiah,
ita da cikin wata bakwai, tana kallon tagar bene
kamar ta riga ta rataya labule.
Dillaliya sai yabon sabon fenti take.
Ni fenti ba ya ruɗa ni,
na san irin abin da ake binnewa a ƙarƙashinsa.

Na hau rufi. Ƙanƙara ta cinye bakin indararo,
bututun hayaƙi ya ɗan karkata gabas.
Na rubuta.
Cikin silin, wayoyin lantarki na zamanin kakanni,
naɗe da tsumma, sun yi baƙi ƙirin.
Kamfanin inshora ko kallo ba zai yi ba sai an sauya su.
Na rubuta.
Famfon kicin na ɗiga, ɗis, ɗis,
na soka ƙusa a katakon da ke ƙasansa,
ta shige kamar cikin dafaffiyar kabewa.

Sai ɗakin ƙarƙashin ƙasa,
inda gida ke tuɓe riga ya faɗi gaskiya.
Bayan tukunyar ɗumama gida, a bangon arewa,
ga tsaga, daga daɓe har ƙirjina.

Na matso da tocila.
Gefenta akwai rubutun fensir, ƙanana ƙanana:
Afrilu, tamanin da ɗaya, da ɗan layi.
Afrilu, tamanin da biyu, wani layin a sama.
Eino Pelkonen, mai gidan da ya rasu bara,
ashe duk shekara in ƙanƙara ta narke
yakan sauko da ma'auni
ya duba ciwon gidansa.
Shekara tara tsagar na hawa.
A casa'in ta tsaya cak.
Amma tsohon bai daina saukowa ba:
tana nan,
tana nan,
tana nan,
hannun na rawa, yana ƙara rawa,
na ƙarshen da kyar na karanta shi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Wannan ya sani, bai kuma shafe da fenti ba.
Ni awa uku aka ba ni da na'urar auna danshi,
shi shekara arba'in ya yi yana yi mini aikina.

Linnea ta sauko a hankali, hannu ɗaya a ƙugu.
Ta ce, "Arvid, faɗa mini kawai, mu saya?"
Wannan tambayar ba ta cikin kuɗin da aka biya ni.
Na ce wayoyi za su ci dala dubu goma sha ɗaya, ko fiye.
Rufi zai kai ku hunturu biyu in an yi sa'a.
Tsagar nan ta yi barci tun kafin a haife ki,
amma ba zan rantse mata ba,
ƙasa ba ta sa hannu a takarda.

Ta daɗe tana bin layukan da yatsa.
Can sama Tobiah na lissafi da ƙarfi,
dillaliya na cewa ai duk tsohon gida haka yake.
Ta ce in ara mata fensir.
Na ce gidan bai zama naku ba tukuna.
Ta ce ta sani.

Da dare na aika rahoto, shafi arba'in da biyu,
hotuna sittin da wani abu.
A shafi na talatin na sa:
tsaga, bangon arewa, babu alamar motsi,
a ci gaba da lura.

Da safe, a ƙofar wani gidan,
na laluba aljihun riga, na laluba na wando.
Babu fensir.