Sawun da ya tsaya a Aboabo

Kakana ya ce sa ba ya ɓacewa,
mai shi ne ke makancewa.
Daga Salaga ya koro garke har Kumasi,
in ɓarawo ya ja ɗaya cikin dare
sai ya tsuguna ya karanta kofato a laka
kamar mai karanta wasiƙa.

Bin sawun na gada, amma a zaune,
hawa na uku a Adum, fanka na tari a kaina.
Abin da nake bi ba shi da kofato.
Kirifto ne. Ba ya wari, ba ya nauyi a aljihu.
Sai dai akwai littafi, sarƙa muke ce masa,
kowane shafi ɗaure da wuyan na bayansa,
kwafinsa a hannun dubban da ba su san juna ba.
Ba a yage shi.
Ba a lasar yatsa a goge.
Ba ya karɓar na goro.

Ran Talata kuɗin ya fito daga ramin galamse,
can inda kogin Ofin ya koma kalar kunu
har kifi ya yi hijira.
Suka yanyanka shi kashi arba'in,
suka dama da na bayin Allah a tukunya ɗaya,
ya kwana a ƙasar da ban iya faɗin sunanta ba,
ya dawo da farar riga yana sallama.

Dare tara ina bi.
Sau uku aka ɗauke wuta, shayi ya huce sau ba adadi.
Da asubar na goma zaren ya tsaya
a rumfar momo, Aboabo, bayan famfon unguwa.
Na buɗe sunan.

Masa'udu Gariba.
Ɗan Mma Zuwera mai koko.
Ni na goya shi ranar da aka yi masa kaciya.
Sidi ɗari biyu, na sani ba sai an faɗa ba,
ya ba da aron katinsa da hoton fuskarsa,
ya sayi takalmin ƙwallo.

Sarƙa ba ta ƙarya,
amma ta san motsin hannu, ba ta san mai zobe ba.

Da safe Mma Zuwera ta ƙara mini ƙosai biyu,
ta ce na rame, aikin gwamnati ba ya ƙarewa.
Na ci ɗaya. Ɗayan ya tsaya a wuya.

Kaka ya ce in sawu ya ƙare a ƙofar talaka
kada ka yi saurin sallama,
zagaya bayan danga,
za ka ga inda babban takalmi ya fita.

Na rubuta sunan yaron, don littafi ya riga ni.
A ƙasansa na ja layi, na bar fili mai faɗi.
Na ɗora wani ruwan shayi,
na koma baya zobe ɗaya.