Rajistar Dattijo Filibus

Ran Laraba Baba Irimiya ya cika
a shagonsa na bayan Titin Faransa,
sufana a hannu, baƙin mai a goshi,
tayar keken wani gurgu a cinyarsa,
bai kai ga ɗaure ta ba.

Muka je majami'a, ni da Goggo Afiniki,
a sa mana rana, a yi masa sujada.
Dattijo Filibus ya gyara tabarau,
ya jawo rajista mai baƙin bango,
ya lashi yatsa yana juya shafi,
shafi, shafi, har bangon baya,
bai ga sunan ba.

"Shekara sha ɗaya," in ji shi, "ba baiko,
ba zakka, ba Jibi, ba zumunta.
An ce ran Lahadi shagonsa a buɗe.
An ce an gan shi da kwalba a gaba.
'Yata, in kowa zai shata wa kansa,
ina amfanin shinge ga garke?
Ba ma yi wa mutum shaidar da ba mu gani ba."

Ya sha, na sani. Ban zo wanke shi ba.
Ya bar zuwa tun ran da aka karanto
masu bashin kuɗin rufi daga bagade,
sunansa na uku,
mako biyu da binne ƙanena Habila.
Ya ɗau hularsa ya fita ana waƙa,
bai ƙara taka dokin ƙofar ba.

Amma ni ce mai share ɗakinsa.
Na san inda gwiwa ta cinye tabarma.
Ladanin Fagge ne agogonsa:
can ana kira, nan yana durƙuso,
yau da kuka, gobe da faɗa,
kamar mai bin Yesu tsohon bashi:
"Ka ɗauke mini yaro, Ubangiji,
har yau ba Ka ce mini don me ba."
Dattijo, wa ke tashi da asuba
ya yi faɗa da wanda bai yarda yana nan ba?

Lahadin kuma ranar guragu ce.
Hanya ta yi sauƙi, su gangaro
daga Kurna, daga Birget, daga Rijiyar Lemo,
ya ɗaure sarƙa, ya liƙe faci,
in sun miƙo kuɗi ya harare su.
Duk wannan yana bakina a ofishin,
amma harshe ya yi nauyi,
ban faɗa ba.

Asabar muka kai shi, mu bakwai,
ba mawaƙa, ba mai farar kwala.
Sai ga kekuna, ɗaya bayan ɗaya,
ana tuƙa su da hannu cikin rana,
suka jeru a bakin maƙabarta.
Sagiru, mai tayar da ba a gama ba,
ya tambaye ni, "Ina limaminsa?
Ni dai shi ne Kiristan da na sani."
Na duba ƙasa,
ban ba shi amsa ba.

Can baya na hango tabarau.
Dattijo ne, ba rajista a hammata.
Ya tsaya har aka fara mayar da ƙasa,
sannan ya naɗe hannun riga,
ya karɓi shebur.
Bai ce ya yi kuskure ba,
ni ma ban nema ba.

Ban ce Baba ya shiga ba, ban ce bai shiga ba.
Makullin ba ya aljihun Filibus,
ba ya wurin Sagiru, ba ya wurina,
duk da ni na ga tabarmar.
Akwai ɓarawo guda a gefen gicciye
da ba wanda ya taɓa rubuta masa kati,
kuma Mai ƙofar bai tambayi kowa ba.

Litinin na buɗe shagon.
Sufana sha uku tana inda ta faɗi.
Na ɗaure tayar, ta ɗan karkace,
Sagiru ya juya ta sau biyu, ya yi dariya,
ya miƙo ɗari biyu.
Na harare shi.
Ban karɓa ba.